Hazo bai san mai kuɗi ba: Karanta wannan kafin ka yi mafarkin tuƙa jirginka daga Dutse zuwa Abuja

Idan kana yawan shiga TikTok ko Facebook, na tabbata ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan: matashi zaune a kujerar matuƙin jirgi, ya ƙwama baƙin tabarau, ga abin magana a kunne, gajimare na wucewa ta gefen taga kamar auduga. Kafin ka ankara ka ce a ranka, "Allah Ka ba mu mu ma." Ina da abokin da kullum zancensa ke nan. Wai shi ranar da ya yi kuɗi ya yi sallama da hanyar Kaduna. Ƙaramin jirgi zai saya, ya koyi tuƙi, ya yi sallar asuba a Jahun, ya tashi daga filin jirgin Dutse, ya karya kumallo a Abuja, la'asar ta riske shi a gida.

A takarda lissafin nasa ya fita. Daga Dutse zuwa Abuja ta sama bai kai kilomita 400 ba. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu zai cinye wannan tafiya cikin kamar awa biyu, alhali a mota sai ka kashe kusan yini guda ta Kano da Zariya da Kaduna. Abu ɗaya ne abokin nawa bai saka a lissafi ba: watan Disamba.

A hutun hunturun da ya wuce, ni da ƙanena muka hau babur da sassafe daga Jahun za mu Harbo. Hazo ya sauka sosai, rana ta zama kamar farin faranti, mai babur ya kunna fitila da safiyar Allah. Wani amalanke da shanunsa ba mu gan shi ba sai da muka kusa shafar sa. Ƙanen nan nawa ɗan sakandare ne, kuma tun yana firamare yake cewa matuƙin jirgi zai zama. Da muka sauka sai ya ce da ni, "Yaya, mu da muke ƙasa ba ma ganin gabanmu, to wanda yake sama da me yake gani?"

Gaskiya ban ba shi amsa ba a ranar, don ban da ita. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ko cikin ɗakin matuƙi ban taɓa leƙawa ba. Amma tambayar ta tsaya min a rai, na koma makaranta na yi ta karance-karance. Abin da na samo shi ne zan ba ka yau, kai mai mafarkin tuƙi, da ke mai mafarkin zama kyaftin, da ma wanda iyakarsa ya sayi tikiti ya zauna a baya.

Tuƙin ido da tuƙin na'ura

Tuƙin jirgin sama iri biyu ne a doka. Na farko mu kira shi tuƙin ido. Matuƙi yana leƙen waje, yana ganin ƙasa, yana bin alamomin da ya sani: ga duwatsun Dutse, ga kwalta ta miƙe, ga kogin Haɗeja yana sheƙi. Abin da ya fi komai muhimmanci gare shi shi ne layin nan na nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. Da shi yake gane ko jirginsa a miƙe yake ko ya karkata, ko hancinsa ya ɗaga ko ya sunkuya. Jiragen da ake kawowa feshin tsuntsayen jan-baki a yankin fadamar Haɗeja, waɗanda ke wucewa ƙasa-ƙasa yara na bin su da ihu, da ido ake tuƙa su.

Lasisin farko da mai tuƙa kansa ke samu na tuƙin ido ne. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, mai shekara 17 da ya yi awa 40 a sama ya kuma ci jarrabawa zai iya samun sa. A Najeriya hukumar NCAA ke bayarwa. Sai dai yana zuwa da sharaɗi. A ƙa'idar gama-gari, idan kana ƙasa da ƙafa 10,000 dole ka iya hango nisan kilomita 5, kuma ka nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, mita 300 ta sama ko ta ƙasa. In sararin bai kai haka haske ba, ka ɗaure jirginka ka nemi mota.

Na biyu shi ne tuƙin na'ura. Ƙarin shaida ce da ake bugawa a jikin lasisi bayan wani horo na daban. Mai ita zai iya shiga cikin gajimare ko hazo ko duhun dare, ba ya ganin komai ta taga, ya dogara da agogunan da ke gabansa da muryar jami'in da ke ba da hanya ta rediyo, har ya isa inda za shi.

Mu 'yan fadama misalin ba zai yi mana wuya ba. Manomin da ba shi da injin ban-ruwa, nomansa sai abin da sama ta ga dama. Wanda ke da inji da rijiyar burtsatse yana noman damina, ya juya ya yi na rani. Mai tuƙin ido manomin damina ne. Idan don nishaɗi yake tashi ranar Asabar, ba matsala, ranar da gari bai yi kyau ba ya koma ya sha shayi. Amma wanda ya mai da jirgi abin hawan zuwa aiki, mai taro ƙarfe tara a Abuja, shi ba zai iya jiran sama ba. Nan ne gizo ke saƙa.

Ƙurar da Chadi ke aiko mana

A Turai da Amurka abin da ke rufe wa ƙananan matuƙa ido shi ne gajimare da raɓar safiya da dusar ƙanƙara. Mu namu hazo ne, kuma ba na kwana biyu ba ne. Daga wajen Nuwamba har zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara. Babbar matattarar wannan ƙura ita ce kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani makeken tafki ne na zamanin da, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta ɗebi garin ƙasar nan ta yo kudu da yamma da shi. Abin dariya, ruwan kogin Haɗeja ta Komadugu Yobe yake gangarawa ya nufi Tafkin Chadi, su kuma can su aiko mana da ƙura tukuici.

Idan hazo ya yi ƙarfi, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da gargaɗi cewa nisan gani zai faɗi ƙasa da mita 1,000 a jihohin Arewa. Ka kwatanta da kilomita 5 da doka ta nema wa mai tuƙin ido. Ko a ranakun da hazon bai kai haka kauri ba, yana da wata yaudara. Matuƙi zai iya leƙa ƙasa kai tsaye ya ga gona da rufin kwano, ya ɗauka lafiya lau. Da ya ɗaga kai ya dubi gaba, sai ya ga komai ya zama launin toka ɗaya, layin da ke raba sama da ƙasa ya ɓace. In kuma yamma ta yi yana fuskantar rana, ƙurar ta ɗauki haske ta zama kamar farin bango.

Wanda ya taɓa shiga kwalekwale lokacin ambaliya da asuba, inda ruwa ya shafe gonaki har ba ka iya cewa ga inda ruwa ya ƙare ga inda sama ta fara, ya ɗan ɗanɗana abin. Bambancin kawai, kwalekwale ruwa ne ke riƙe da shi a daidai. Jirgi kuwa ba mai riƙe shi sai matuƙi.

Yadda kunnenka ke yi maka ƙarya

Za ka iya cewa, to in ban ga waje ba ai jikina zai gaya min in na karkata. Ni ma haka na zata. Ka tuna wasan hajijiya da muke yi muna yara? Ka yi ta juyi, ka tsaya cak, amma ka ji duniya na ci gaba da juyawa har ka zube. Ko kana zaune a mota a tasha, motar kusa da ku ta ja, ka rantse taku ce ke tafiya.

Dalilin na farkon yana cikin kunne. A can ciki akwai wasu ƙananan bututu guda uku masu ruwa a ciki. Idan kanka ya juya, ruwan ya motsa, ƙwaƙwalwa ta samu labari. Matsalar ita ce an halicci wannan tsari don mai tafiya a ƙasa, wanda idonsa ke gyara masa kuskure kowane lokaci. Idan jirgi ya karkata a hankali, sannu-sannu, ruwan ba ya motsin da za a ji. Idan kuma juyin ya ɗauki kamar sakan 20 yana tafiya bai-ɗaya, ruwan sai ya lafa, ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa a miƙe ake tafiya. Abin da ya fi muni, idan matuƙin ya gyara jirgin ya dawo daidai, a lokacin ne jikinsa zai ce masa ya karkata ɗaya gefen, sai ya mayar da shi cikin juyin da hannunsa.

Jirgin da ya karkata yana fara rasa tsayi. Matuƙi ya ga agogon tsayi na sauka, ya ji ƙarar iska na ƙaruwa, sai ya ja sitiyari don ya ɗaga hanci. Amma tunda a karkace yake, jan nan ƙara matse da'irar yake yi. Jirgi ya riƙa zagaye yana nutsewa, gudu na ƙaruwa, shi kuwa a kujerarsa yana jin kamar zaune yake daram. Sunan da matuƙa suka ba wannan abu yana nufin juyin maƙabarta.

A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙin na'ura. Aka rufe musu ganin waje, malami na zaune a gefe don ya karɓe jirgin. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, 19 daga ciki ta wannan juyin. Da aka raba lokacin da kowa ya ɗauka kafin abin ya lalace, sai ya kama sakan 178. Bai cika minti uku ba. Ko shayin mai shayi bai gama hucewa ba.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji. A cikin ɗakin matuƙi wannan karin magana doka ce ta rai da mutuwa: abin da idonka ya gani a agogo shi ne gaskiya, abin da jikinka ke ji ka yi watsi da shi. Faɗar haka da baki abu ne mai sauƙi. Aikata shi lokacin da duk gaɓoɓinka ke rantse maka cewa agogon ne ya lalace, shi ne abin da ake kashe awowi da miliyoyi ana koyo.

Gwamnan da ke tuƙa kansa

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba daga 2007, masanin haɗa magunguna ne da ke son tuƙin jirgi har ya je kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya samu lasisin mai tuƙa kansa. Wato ya cika mafarkin abokina: yana da aiki, yana da jirgi a hannu, yana tuƙa kansa.

Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ya tashi daga Jalingo zuwa Yola da jirgi ƙirar Cessna 208 Caravan, tare da wasu mataimakansa. Tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba a sama. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin jirgin Yola. Ba wanda ya mutu a wurin, amma gwamnan ya samu mummunan rauni a kai. Aka kai shi Jamus, daga nan Amurka. Ya dawo gida a 2013 bai koma yadda yake ba, jihar ta shiga rikicin wa ke riƙe da mulki, ya kuma rasu a Amurka a 2017.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta AIB, wadda yanzu ta koma NSIB, ta ce ba ta iya tsayar da dalili guda tak na faɗuwar ba. Amma ta lissafa abubuwan da ta gano. Daga ciki akwai cewa matuƙin ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgin, ba shi da shaidar tuƙin na'ura ko izinin tashin dare, kuma ya yi tafiyar tuƙin ido bayan faɗuwar rana. Ban kawo wannan don cin mutuncin wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Na kawo ne don ka ga cewa muƙami da kuɗi da son abu ba sa cike gurbin horo.

Ka lura da lokacin: bayan faɗuwar rana. Wannan shi ne tarkon mai zirga-zirgar aiki. Taro ya ja, baƙi sun tsare ka, abin da ka shirya tashi ƙarfe huɗu ya koma shida saura. A ƙasarmu kuma tsakanin magariba da duhu ba nisa. Sannan ka tuna yadda ƙauyukanmu suke da dare in an ɗauke wuta. Daga sama ba fitila, ba titi mai haske, ƙasa baƙa sama baƙa. In babu farin wata, dare a sararin karkarar Arewa da cikin gajimare duk ɗaya ne a wurin kunnen matuƙi.

Irin haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka. Ranar 16 ga Yuli, 1999, ya tashi da ƙaramin jirginsa da dare, da matarsa da 'yar'uwarta, za su bikin aure na dangi. Sun makara wajen tashi, ga hazo a kan teku, shi kuma bai kammala horon tuƙin na'ura ba. Jirgin ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, duka ukun suka mutu. Masu bincike suka ce ruɗewar nan ce ta rashin sanin sama da ƙasa.

Me ake koya a horon?

A ƙa'idar ICAO, mai neman shaidar tuƙin na'ura sai ya tara awa 50 yana jagorantar jirgi daga gari zuwa gari, da awa 40 na tuƙi da agoguna zalla, wani ɓangare a cikin na'urar kwaikwayon jirgi da ke ƙasa. Har jinsa sai an auna da ma'aunin matuƙan haya, domin wanda ba ya gani, kunnensa a rediyo shi ne rabin hanyarsa.

A sama, malami kan saka wa ɗalibi wata hula ko tabarau da ke tare ganin taga, ba ya ganin komai sai allon gabansa. Manyan agogunan shida ne: mai nuna zaman jirgi tsakanin sama da ƙasa, mai auna tsayi, mai auna gudu, mai nuna alƙiblar da aka dosa, mai nuna saurin hawa ko sauka, da mai nuna juyi. A sababbin jirage duk an tattara su a fuskar kwamfuta, amma karatun ɗaya ne. Ɗalibi zai koyi zagaya ido a kansu ba tare da ya kafe a kan ɗaya ba. Malam zai rufe wasu da takarda, kamar sun lalace, ya ce a ci gaba da sauran. Zai sa ɗalibi ya rufe ido, ya murɗa jirgin yadda ya ga dama, sannan ya ce buɗe ka gyara.

Akwai kuma karatun ƙasa: fassara rahoton yanayi, tsara hanya, zaɓen filin da za a karkata in na farko ya ƙi, da lissafin man da zai kai can har ya yi saura.

Ƙarshen abin shi ne sauka. A manyan filaye akwai na'urar ILS, mai aika saƙon rediyo iri biyu. Ɗaya na nuna wa matuƙi tsakiyar titin sauka, ɗayan na nuna masa gangaren da zai bi, kamar digiri 3. Yana bin allura biyu yana saukowa cikin farin hazo. A matakin farko na wannan na'ura, zai iya saukowa har ƙafa 200, wato mita 60, kamar tsayin dogon ƙarfen sabis. A nan zai ɗaga ido. In ya ga fitilun titi ya sauka. In bai gani ba, ba shawara, ba "bari in ƙara leƙawa": ya ba jirgi wuta ya koma sama.

Wannan fasaha ta kusa shekara ɗari. Ranar 24 ga Satumba, 1929, wani sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi ya zagaya ya sauka a New York cikin rufaffen ɗakin tuƙi, bai ga waje ba ko sau ɗaya. Duk jirgin alhazan da ya taɓa tashi daga Dutse ko Kano ya keta dare zuwa Jidda, a kan wannan tushe yake tafiya.

Amma fa shaidar ba laya ba ce

Kada ka karanta wannan ka ɗauka mai shaidar na'ura ya fi ƙarfin yanayi. Masu son ƙwallon kwando ba za su manta da 26 ga Janairu, 2020 ba, ranar da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Kobe Bryant da 'yarsa Gianna da wasu mutum bakwai a Kalifoniya. Matuƙin gogagge ne, yana da shaidar tuƙin na'ura. Amma tafiyar ta ranar ta tuƙin ido ce, kamfanin ma iyakar izininsa ke nan. Ya kutsa cikin gajimare, ya gaya wa jami'in rediyo cewa hawa yake yi, alhali jirgin sauka yake yi a karkace. Masu bincike sun ambaci matsin da ya ɗora wa kansa na son ya kai babban fasinjansa a kan lokaci.

Darasi biyu ke nan. Na farko, ƙwarewar tana tsatsa in ba a amfani da ita. Shi ya sa a Amurka doka ta ce sai matuƙi ya yi irin wannan sauka ta na'ura sau 6 cikin wata 6 kafin ya ci gaba da amfani da shaidarsa. Na biyu, ciwon "dole sai na isa yau" ba ya tambayar takardunka.

Sannan akwai yanayin da ba a shigarsa ko da wace shaida. Hadarin damina mai tsawa da guguwa yana iya karya ƙaramin jirgi, babba ma ba ya wasa da shi. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja cikin iskar hadari, mutum sama da 90 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu. Matuƙan jirgin haya ne masu cikakkun takardu.

Kuma matuƙi shi kaɗai ba ya isa. Dole jirgin ya kasance da kayan aikin, filin da za a sauka ma na'urorinsa su kasance lafiya kuma an daidaita su. A Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas a daidai lokacin da ake fama da batun daidaita na'urar saukar filin, jiragen ƙasashen waje suka riƙa karkata zuwa Accra ta Ghana, fasinjoji suka yi kwanaki a can.

To mene ne amfanin shaidar in haka ne? Amfaninta shi ne tana mayar da yawancin ranakun hazo da gajimare da dare su zama ranakun tafiya cikin tsari, ƙarƙashin idon jami'an ba da hanya. Tana ba matuƙi mafita ranar da yanayi ya juya masa a tsakiyar hanya. Kuma tana koya masa ya gane ranar da amsar ita ce a'a.

To, mu fa?

Idan da gaske kake son wannan aiki, ga abin da zan ce. Makarantar tana kusa da mu: kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, akwai kuma wata a Ilorin. Karatun na cin miliyoyin naira, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba 'ya'yan masu kuɗi kaɗai suka taɓa samu ba, don a 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Irin wannan dama in ta zo, wanda ya riƙe lissafi da fiziks da Turanci ita ke ɗauka, don da Turanci ake magana a rediyon jirgi. Ka kula da lafiyar idonka da kunnenka, ka yi nesa da ƙwaya, domin likita na tantance matuƙi a kai a kai.

In aikin haya kake nema, maganar ta ƙare: lasisin kasuwanci na buƙatar awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, kuma ba kamfanin jigilar fasinja da zai zaunar da kai a gaba ba tare da shaidar tuƙin na'ura ba. In kuma irin abokina ne kai, mai son tuƙa kansa, ka saka kuɗin wannan horo a cikin kuɗin jirgin tun farko. Wanda ya sayi jirgi a Arewa ya tsaya a tuƙin ido, ko dai ya ajiye shi kwanaki masu yawa a shekara, ko wata rana zuciya ta raya masa ya gwada sa'a.

Masu buga wasan tuƙin jirgi a waya ko kwamfuta, irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane, ku ci gaba, yana koyar da karatun agoguna. Ka gwada saka hazo mai kauri a wasan ka ga minti nawa za ka yi. Sai dai ka tuna kujerar ɗakinku ba ta motsi, kunnenka bai shiga wasan ba. Rabin yaƙin kawai ka gani.

Mu kuma sauran, 'yan kujerar baya, in an ce an ɗage tashin jirgi saboda hazo, kafin ka ɗauki waya ka fara zazzaga wa matuƙi zagi, ka tuna akwai lambar da yake dubawa wadda kai ba ka gani. Haƙƙinka ne kamfani ya yi maka bayani ya kuma kula da kai, wannan ka nema da babbar murya. Amma matuƙin da ya ce ba zai tashi ba, ko ya juya da ku Kano maimakon ya sauka, ba tsoro ne ya kama shi ba. Aikinsa ke nan. Gara a ce ka makara ɗaurin aure da a ce an fasa ɗaurin auren saboda kai.

Da na koma gida na zaunar da ƙanena na ba shi amsar tambayarsa. Na sa shi ya rufe ido a kan kujerar shagon aski mai juyawa, na juya shi a hankali, na tsayar, na ce ya nuna min inda yake juyawa. Ya nuna hagu da cikakken tabbaci, alhali a tsaye yake cak. Da ya buɗe ido ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe mutum zai iya rantsuwa a kan ƙarya bai sani ba." Har yanzu yana nan a kan bakansa na zama matuƙi. Abin da ya canza, ya daina tambayata kuɗin jirgi, yanzu littafin fiziks yake nema in sayo masa.